Kafin a Ce Maka Sai an Sauke Giya

 

Duk wanda ya zagaya layukanmu bayan isha'i zai ga cewa motocin da ke kwana a ƙofar gidaje yawancinsu atomatik ne. Mu da muka koyi tuƙi a kan Peugeot 504 haɗin Kaduna mun saba da abin takawa uku, kuloci da birki da totur. Yanzu biyu ne. Motocin tokumbo, waɗanda mutanen gida ke kira Beljiyam, su suka kawo wannan sauyi, kuma sun zo mana da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji a gaban direba, wadda yara ke kira cek injin. Wannan fitila ta ci kuɗin mutanen Sabo fiye da kima. Wasu in ta kama sai su manna mata baƙin salatif su ci gaba da harkarsu. Wasu kuma su ruga gareji a firgice, makanike ya zagaya da motar sau ɗaya, ya dawo ya ce, “Alhaji, giya ce, sai an sauke.” Shi ke nan, kuɗin da aka ware na sarin kaya ya tafi.

Ni dai ba makanike ba ne, kowa ya san sana'ata goro ce. Amma shekara ashirin da 'yan kai ina shiga ƙauyukan Shagamu da Ife da Ondo da motata ina sari, kuma atomatik uku sun ratsa hannuna. Wanda ya daɗe a kan benci a gareji yana jiran motarsa, in yana da kunne, zai tashi da wani abu. Abin da na tashi da shi shi ne, tsakanin ranar da fitila ta kama da ranar da za a ce lallai sai an sauke giya akwai bincike hawa-hawa, kuma na farko-farkon duk masu araha ne. Wanda ya tsallake su ya faɗa kan na ƙarshe, sau da yawa yakan sayi giya alhali tasa lafiya lau take. Bari in jera su yadda na fahimce su.

Da farko, me ke kunna fitilar? A cikin motar akwai ƙwaƙwalwa, wata 'yar kwamfuta da ke sauraren sansa-sansan da aka dasa a jikin inji da giya. Wannan yana faɗa mata zafin ruwa, wancan saurin juyawar inji, wani kuma gudun mota. In ta ji labarin da bai yi daidai da abin da take tsammani ba, sai ta rubuta lamba ta ajiye, ta kunna fitila. Fitilar ɗaya ce, amma lambobin da ke iya kunna ta ɗaruruwa ne, tun daga murfin tanki da ba a ɗaure da kyau ba har zuwa giyar da ta ƙone. Saboda haka duk wanda ya dubi fitila da ido ya ce maka ga abin da ke damun mota, canki-canka yake yi. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996, da na Turai masu shan fetur tun daga 2001, duk suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari. Nan ake cusa na'ura a karanto lambar. Yaran wayarin da dama suna da ita, wasu ma da wayar hannu suke haɗa ta.

Lambar takan fara da harafin P, sai alƙaluma huɗu. Ba sai ka haddace su ba, amma ka riƙe biyu. In ta fara da P03, maganar wutar inji ce, wato fulogi da kwayil da dangoginsu. In ta fara da P07, daga ɓangaren giya ƙarar ta fito. Akwai wata da ke ruɗa mutane, P0700. Ita ba ta faɗin cuta. Ma'anarta kawai ƙwaƙwalwar giya ta roƙi ta inji ta kunna fitila, ainihin ƙorafin yana can ajiye a wajenta. Ƙananan na'urori masu araha da yawa ba sa iya shiga ƙwaƙwalwar giya, iyakarsu su nuna P0700 su tsaya. In haka ta faru sai a nemi mai babbar na'ura. Sannan ka sa a rubuta maka kowace lamba a takarda, ko ka ɗauki hotonta, kafin kowa ya danna gogewa. Ƙwaƙwalwar takan ajiye har da halin da mota ke ciki lokacin da abin ya faru, gudu nawa, zafi nawa. In aka goge, shaida ta tafi, fitila ta mutu na kwana biyu, cutar tana nan daram.

Kuma lamba ba hukunci ba ce. Mu da akan kawo wa rigimar maƙwabta mun sani, wanda ya fara kawo ƙara yakan faɗi inda ke masa ciwo, amma sai an ji sauran bakuna ake gane wanda ya taka wani. Haka lambar nan take. In ta ambaci wani ƙarfe a cikin giya, yana yiwuwa shi ne ya mutu, yana yiwuwa ɓera ne ya ci wayarsa, ko soket ya yi tsatsa, ko mai ya yi ƙasa. Abu ɗaya ne ba ya son jira. In fitilar tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, inji ne ke misin sosai, ɗanyen fetur yana wucewa salansa yana ƙona abin tace hayaƙi. A nan sai a sassauta a nemi wuri a tsaya. Wasu motocin kuma suna da alamar giya daban: a Honda harafin D ne ke ƙyaftawa, a tsofaffin Toyota kuma rubutun O/D OFF.

Yanzu ga abin da aka fi ɗora wa laifi, wato kwambata. A motar manuwal kuloci ne ke haɗa inji da giya, ka taka ya raba su. A atomatik babu wannan, sai wani ƙarfe mai siffar ƙwarya biyu da aka kife ɗaya kan ɗaya aka liƙe, cike da man giya, zaune tsakanin inji da giya. A cikinsa akwai farfela biyu suna fuskantar juna. Ta farko inji ke juya ta, tana watsa mai da ƙarfi, man ya bugi ta biyu ya juya ta, ita kuma ta juya giya. Ba sa taɓa juna, mai ne ɗan aike a tsakaninsu. Shi ya sa kake tsayawa a danja giya tana D, ƙafarka kan birki, inji bai mutu ba. A tsakiyarsu akwai wata ƙaramar farfela ta uku da ke juyawa gefe ɗaya kawai, aikinta ta karkatar da man da ya dawo ya taimaki ta farko. Ita ke ninka ƙarfin inji kusan sau biyu lokacin tashi, shi ya sa mota da kaya ke iya tashi a hawan Mokola ba gardama.

Sai dai tura ƙarfi ta cikin mai yana da asara, wani kaso yana zama zafi, fetur yana tafiya a banza. Don haka aka sa wani faifan kuloci a cikin kwambatar. In mota ta miƙe hanya, kamar daga kilomita 60 zuwa 80 a awa, ƙwaƙwalwa sai ta aiki solonayid, wato 'yar ƙofar mai da lantarki ke buɗewa, faifan ya damƙe, inji da giya su zama abu ɗaya. Mai lura zai ga allurar juyawar inji ta ɗan sauka kamar an ƙara giya. Yawancin ƙorafin kwambata daga wannan faifai yake. Lamba P0740 tana nuna matsala a layin lantarkinsa. P0741 na nufin an umarce shi ya kama bai kama ba, ko yana zamewa. P0742 kuma ya kama ya ƙi saki.

Kowanne da alamarsa a jikin mota. In ya ƙi kamawa, za ka ji a babbar hanya inji yana kuka fiye da yadda ya saba, mota tana shan mai, giya tana zafi. In ya ƙi saki, kana zuwa tsayawa mota za ta yi fizge-fizge ta mutu, tamkar ɗan koyo ya manta da kuloci. In yana kamawa yana zamewa, sai ka ji karkarwa a wannan gudun na 60 zuwa 80, kamar ka sauka kan burji mai gargada alhali kwalta ce sumul. Akwai gwajin da direba zai iya yi da kansa a hanyar da ba cunkoso. Lokacin da karkarwar ta zo, ka riƙe totur yadda yake, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, taɓawar da za ta kunna fitilar baya kawai. Ƙwaƙwalwa za ta saki faifan nan take. In karkarwar ba ta ɗauke ba, a je a duba taya da shaf da robobin da inji ke zaune a kai. In ta ɗauke, to tana da alaƙa da lokacin da faifan ke kamawa.

Na ce tana da alaƙa, ban ce kwambata ce ba, kuma ga dalili. Wata shekara gab da babbar sallah, motata ta fara wannan karkarwa a hanyar Ife, fitila ta kama. Na kai ta wani gareji, maigidan ya zagaya da ita ya dawo. Ya ce, “Alhaji, kwambata ta tafi. Gara ma a sa wata giyar gaba ɗaya, ina da mai kawo mini tokumbo mai kyau.” Kuɗin da ya faɗa sai ya cinye rabin jarin da na ware wa sallar. Na ce, “Baba, na ji, amma bari a sa ta a kwamfuta tukuna.” Ya ce shekara talatin yana wannan aiki, kunnensa ya fi kwamfuta. Na yi masa godiya na tafi. Wani yaron wayarin ɗan unguwar nan ya cusa na'urarsa, sai ga P0303, babu ko lamba ɗaya ta giya. Ya ce, “Malam, silinda ta uku ce ke misin.” Ya ciro kwayil na uku ya musanya da na ɗaya, ya goge, muka zagaya, lamba ta koma P0301. Cutar ta bi kwayil ke nan. Aka sa sabo da fulogi huɗu, karkarwa ta ɗauke, giyar nan kuwa na yi shekaru da ita har na sayar da motar. Bayanin da yaron ya yi mini shi ne, muddin mai ne ke tsakanin inji da giya, yana shanye rawar inji ba ka ji. Da zarar faifan ya damƙe, duk tuntuɓen da inji ya yi sai ya iso har kujerarka. Baban nan ba ƙarya ya shirya mini ba, alamar ce iri ɗaya, kunne kuwa ba ya raba su.

In lambar ta giya ce da gaske, kafin a ɗauko sufana a fara duba mai. A tsayar da mota a wuri mai daidai bayan ta yi tafiya ta ɗumama, a bi da hannun giya ta kowane harafi a dawo P. Yawancin motoci, har da Toyota, inji yana aiki ake zaro geji. Honda kuwa kashewa ake yi a duba nan take. A goga a farin ƙyalle. Lafiyayyen mai ja ne garau. In ya koma ruwan ƙasa amma ba wari, ya tsufa, canji yake so. In ya yi baƙi yana warin ƙuna kamar tuwon da ya kama tukunya, faya-fayan ciki sun fara cinyewa. In da kumfa, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ƙarancin mai kaɗai yana iya sa mota ta yi jinkirin shiga D da safe, ta riƙa zamewa a kwana, ta kunna fitila. Sai a nemi inda yake yoyo. Sababbin motoci da yawa ba su da geji sam, ta wani noti a jikin giyar ake aunawa a wani zafi na musamman. Wannan a bar wa mai na'ura.

Nau'in man ma magana ce babba, don ba duk jan mai ne ɗaya ba. Tsofaffin Toyota da yawa T-IV suke sha, na baya-bayan nan WS. Honda tana da nata, DW-1, wanda ya gaji Z1. Motoci masu giyar CVT, wadda bel ne ke aiki a cikinta, nasu daban ne gaba ɗaya, in aka zuba musu na gama-gari an kashe su. Sunan man yana rubuce a jikin geji ko a littafin mota. Santsin kowanne an auna shi ne daidai da faifan da zai taɓa, shi ya sa man da bai dace ba shi kaɗai yana kawo karkarwar nan. Wanda ake aunawa da kwalba daga jarka a bakin titi, ba ka san me ke ciki ba, kuma araha ba ta ado. A sani kuma, in an kwance noti an tsiyaye, lita 3 ko 4 ne ke fita, kusan rabi yana maƙale a cikin kwambata da bututu. Don haka in man ya tsufa sosai akan canja, a yi 'yan kwanaki ana tafiya, a sake canjawa. Na ga P0741 ta ɗauke da wannan kaɗai a motar wani abokin kasuwancina.

Launin da ya fi kowanne ban tsoro shi ne ruwan hoda mai kauri, kamar an dama madara a ciki. Ruwa ya shiga ke nan, kuma hanyarsa biyu ce. Man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce; in bututun ya huje, ruwa da mai sai su gauraya. Ta biyu ita ce ambaliya. Wanda yake garin nan a watan Agustan 2011 ya ga yadda ruwa ya shanye motoci, kuma ko a damina ta yau da kullum akwai kwaruruka a Badun da ruwa ke kai wa ƙofar mota. Giya tana da 'yar kafar shan iska a samanta, ta nan yake shiga. Faya-fayan ciki da wata irin takarda aka shafe su aka manna da gam, ruwa kuwa ɓanɓare ta yake yi. Wanda ya ga wannan launi kada ya ƙara ko kilomita ɗaya. In kuma lagireto ne ya huje ba a canja shi ba, ko wata giyar aka sa, hanyar ta farko za ta bi.

Bayan mai sai ƙananan abubuwan da ba a kula da su. Makanikai da yawa a ƙasar nan sun saba cire tamostat, su ce na ƙasar sanyi ne. Amma ƙwaƙwalwa ba ta barin faifan kwambata ya kama sai inji ya ɗumama, a wasu motocin har giyar ƙarshe take hanawa. Motar da ba tamostat, da asuba cikin hunturu ko cikin ruwan sama a hanyar Oyo, tana iya yin nisa ba ta kai wannan zafin ba. Mai ita ya ce giya ba ta cika canji, lambar kuwa P0128 ce ko P0125, ta sanyin inji. Makunnin fitilar birki in ya lalace yana iya gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kullum ƙafarka na kan birki, faifan ba zai kama ba. Batir mai rauni yana haifar da lambobin ƙarya. Sansan gudu, masu lamba P0715 da P0720, a motoci da yawa daga waje suke, noti ɗaya ke riƙe da su. In ɗayansu ya mutu, ƙwaƙwalwa takan kulle mota a giya ɗaya, ta biyu ko ta uku, don ta lallaɓa ta kai ka gida ba tare da ɓarna ba. Mai mota sai ya ɗauka giya ta mutu, alhali kare kanta take yi. Solonayid ma, a wasu motoci a waje suke, a wasu kuma farantin giya kawai ake kwancewa a kai gare su. Ana auna su da mita, ba sai an sauke komai ba.

Ba na cewa giya ba ta mutuwa. Tana mutuwa, amma in ta mutu shaidu sukan haɗu. Ga mai baƙi mai wari. A kwance farantin ƙasa a dubi maganaɗisun da ke ciki: laushin toka-toka kaɗan ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko baƙin gari mai yawa, wannan naman giyar ne. Ga lamba irin P0730, wadda ke nuna juyawar da ke shiga da wadda ke fita ba su dace da giyar da aka zaɓa ba. Inji ya yi ta ihu mota ba ta gaba, musamman in ta yi zafi. Akwai kuma gwajin da makanike kan yi: ya ja birkin hannu, ya danne birki, ya sa D, ya taka totur har ƙasa, amma kada ya wuce sakan 5, domin mai yana zafi nan da nan. A yawancin ƙananan motoci allura takan tsaya wajen 2,000 zuwa 2,500. In ta zarce sosai, faya-fayan giya suna zamewa. In ta kasa kaiwa, ko inji ba ƙarfi, ko farfelar tsakiya ta saki. Makanike nagari ba ya jin haushi in ka ce ya nuna maka farantin da idonka. In waɗannan suka taru, to ka saki kuɗi da zuciya ɗaya.

Ko a nan ma da abin lura. Giyar da za a sayo, ko a Agodi Gate ko a Ladipo ta Ikko, lambarta ta zo daidai da taka, domin mota iri ɗaya tana iya zuwa da giya iri biyu. A yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a gaban shaida, a rubuta. A wanke bututun da ke zuwa lagireto, don dattin tsohuwar yana nan ciki yana jiran sabuwa. Kwambatar kuma a riƙa juya ta ana turawa har ta zauna sosai a cikin famfon giya kafin a haɗa da inji. In aka jawo ta da ƙarfin noti, famfo ya fashe tun mota ba ta bar gareji ba. Tsohuwar giyarka ma kayanka ce, tana da kuɗi, a yi maganarta tun farko.

Babban abokin gabar giya zafi ne. Man yana jin daɗinsa a digiri 80 zuwa 90, in ya riƙa haura 120 ƙonewa yake yi. Lodi fiye da kima yana kawo wannan, irin wanda yaranmu masu jigila ke yi wa Sienna, mutane da kaya har saman rufi, daga nan har Jebba da Mokwa. Haka riƙe mota da totur a kan hawa in gosulo ya haɗu maimakon a taka birki, kuma Badun gari ne na tudu da gangare. A daina jefa giya a R mota ba ta gama tsayawa ba. In ta mutu a hanya, kada a ɗaura mata igiya a ja ta nesa tayoyin da ke tuƙa ta suna ƙasa, domin famfon mai da inji yake juyawa, inji a kashe babu abin da ke shafa wa ƙarafan ciki mai. Turawa ma ba ta tayar da atomatik, kada a wahalar da yaran unguwa.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi zamanmu tare. Kwanakin baya an kawo mana wata rigima. Wani matashi ya tara kuɗinsa na shekaru, ya ciwo bashi ya cika, ya sayi mota a hannun wani ɗan unguwa don ya yi jigila. Sati bai cika ba, da ta yi zafi sai ta maƙale a giya ta uku. Da aka buɗe allon gaban direba, aka tarar an cire ƙwan fitilar. Na'ura kuwa ta zubo lambobin giya a jere. Yaron yana hawaye yana cewa, “Baba Liman, da me zan biya mutane?” Dattawa sun zauna, aka mayar da ciniki, amma gaisuwar gidajen biyu har yau ba ta koma yadda take ba. Kowa ya san hukuncin ɓoye aibin kaya, ba sai na tsaya wa'azi a nan ba. Mai sayarwa ya faɗi abin da ke akwai ya rage kuɗi, ya fi masa mutunci. Mai saye kuma ga abin da zai kare kansa da shi. Ka murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa, kada ka tayar da inji. Dole fitilar cek ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Ka zo da mai na'ura naka, ba na dillali ba, don na'urar tana iya nuna cewa ba a daɗe da goge lambobi ba. Ka tuƙa motar aƙalla rabin awa har ta yi zafi, ka hau da ita titin da za ta kai 80, domin giya mai ciwo takan yi ladabi in da sanyi.

To jama'a, in fitila ta kama gobe, ga tsarin: a karanta lamba a rubuta, a tabbatar inji ba ya misin, a duba mai da launinsa da nau'insa, a bi waya da sansa da solonayid, a leƙa faranti. Sai waɗannan sun ƙare ake maganar sauke giya. Wanda bai san mai na'ura ba ya tambaya a tasha ko a bakin masallaci bayan la'asar, za a nuna masa. Allah Ya tsare mu da dukiyarmu a kan hanya. Wassalam.